Kula da Tashoshin Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa na New York da Buɗe Su ga Masu Buƙata ta Musamman

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin New York ya fara ɗaukar fasinja ranar 27 ga Oktoba, 1904. A yau yana da tashoshi 472, yana aiki dare da rana, kuma miliyoyin mutane ne ke shigarsa kullum. Hukumar sufuri ta MTA ce ke riƙe da shi. Akasarin tashoshin an gina su ne kafin 1940, shekarar da aka haɗe layukan kamfanoni biyu masu zaman kansu, IRT da BMT, da na gwamnatin birni, IND, a hannu ɗaya. Maginan wancan zamani sun ɗauka cewa duk wanda zai shiga jirgi yana da ƙafa mai ƙarfi, yana gani, yana ji. Saboda haka matakala ce kaɗai hanyar shiga mafi yawan tashoshin.

Aiki biyu ne ke gaban hukumar. Na farko, hana tsofaffin tashoshi lalacewa. Na biyu, buɗe su ga mai keken guragu, da makaho, da kurma, da tsohon da gwiwa ta gaza, da uwa mai tura keken jariri. A takardun kasafi akan raba su gida biyu, amma ma'aikacin da ke sauka ramin lifta ya san aiki ɗaya ne. Liftar da aka kashe miliyoyin daloli aka kafa, ranar da ruwa ya cika raminta ta tsaya, tashar ta koma yadda take a 1904 ga wanda ba ya iya taka matakala.

Yadda tasha take

Fiye da rabin tashoshin suna ƙarƙashin ƙasa, sauran kuwa suna kan gadoji na ƙarfe a saman titi ko a daidai ƙasa. Yawancin na ƙarƙashin ƙasa ba su da zurfi, domin titi aka haƙe, aka gina ramin, aka rufe, aka mayar da kwalta. Irin wannan tasha takan kasance hawa uku: bakin titi, sai zauren tsakiya inda ake biyan kuɗi a wuce shinge, sai dandamalin da jirgi ke tsayawa. Akwai kuma 'yan kaɗan masu zurfi a arewacin Manhattan, kamar tashar titi na 191, wadda ta nutse fiye da mita 50.

Wannan tsari shi ke bayyana yawan liftar da tasha ke buƙata. Ɗaya daga titi zuwa zauren tsakiya, sannan ɗaya zuwa kowane dandamali. Tasha mai dandamali biyu, ɗaya na masu zuwa arewa ɗaya na masu zuwa kudu, takan buƙaci lifta uku kafin a ce ta buɗu ga kowa.

Ruwa

Babu abin da ke cin tashar ƙarƙashin ƙasa kamar ruwa. Ko ranar da ba a yi ɗigon ruwan sama ba, injinan hukumar kan zuƙe kimanin galan miliyan 13 daga ramukan, saboda sassa da yawa suna ƙasa da matakin ruwan da ke cikin ƙasa, wasu kuma sun ratsa tsofaffin rafuffukan da birni ya binne. Ruwan sama yakan shigo ta matakala da ta ragar ƙarfen da ke kan hanyar masu tafiya a ƙasa, wadda aka yi don iska ta shiga.

Ɓarnar ruwa a hankali take tafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa yakan bi 'yar tsaga a kankare har ya kai ga ƙarfen da ke ciki, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura, kumburin ya fasa kankaren daga ciki, tayil ya fara zubowa. Lokacin sanyi gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara yakan biyo ruwan, ya ƙara wa tsatsa sauri. Fasinja abin da yake gani shi ne jan tabo a bango da fentin da ke ɓarewa daga rufi. Injiniyan da ke duba tasha kuwa yakan ɗauki guduma yana ƙwanƙwasa kankaren yana saurare. Inda ya ji sauti mai kauri, kankaren na riƙe da ƙarfensa. Inda ya ji kamar ana buga fanko, ya rabu daga ciki, sai a zagaye wurin da alama a sa shi cikin jerin gyara. Wanda ya shafa fenti a kan irin wannan wuri bai toshe hanyar ruwan ba, cikin 'yan watanni tabon zai dawo.

Guguwar Sandy ta Oktoban 2012 ta nuna iyakar wannan haɗari. Ruwan teku ya cika ramuka da dama da ke ƙarƙashin kogin East River, ya kuma shanye sabuwar tashar South Ferry, wadda aka buɗe a 2009 bayan kashe fiye da dala miliyan 500. Ruwan gishiri ya lalata wayoyi da liftoci da na'urorin ba da hannu, tashar ba ta sake buɗewa ba sai a Yunin 2017. Tun daga nan aka shiga kafa ƙofofin tare ruwa a bakin matakala da murafan rufe ragar iska a yankunan da ke kusa da teku. Ruwan saman da ragowar guguwar Ida ta zubar a Satumban 2021 ya sake nuna cewa ko tashar da ke nesa da gaɓa tana iya cika idan magudanan birni suka ƙoshi.

Shara da ƙananan gyare-gyare

Sharar da ta faɗa kan layin dogo illa biyu take yi. Takan toshe magudanar da ke tsakanin ƙarafan, ruwa ya taru. Takan kuma kama wuta idan tartsatsi ya tashi daga ƙarfe na uku, wanda ke ɗauke da lantarki kimanin volt 600 don tafiyar da jirgi. Ƙaramar gobarar leda da takarda ta isa ta cika rami da hayaƙi ta tsayar da layi sukutum. Shi ya sa ake da jiragen da aikinsu kawai shi ne zuƙe shara daga kan layi, ga kuma ma'aikatan da ke sauka da tsakar dare suna kwashewa da hannu.

Sauran aikin yau da kullum ba shi da armashi a ido, amma shi ke hana mutane faɗuwa: sauya ƙarfen bakin matakala idan ya sulɓe, ɗaure marikin hannu da ya saki, maye gurbin fitilar da ta mutu, gyara bakin dandamali da ya gutsure. Wahalar ita ce jirgin ba ya kwana. A biranen da ake rufe layi da dare, ma'aikata na da sa'o'i na kansu. A New York sai an karkatar da jirage, ko a rufe tasha a ƙarshen mako, ko a yi aiki a tsakanin wucewar wannan jirgi da isowar wancan, ga mai tuta yana tsaye yana gadin ran abokan aikinsa.

Birnin ya taɓa ɗanɗana sakamakon jinkirta gyara. A shekarun 1970, lokacin da asusun birnin ya kusa durƙushewa, an yanke kuɗin kula da kayan aiki, jirage suka riƙa lalacewa a hanya, tashoshi suka ruɓe, fasinja suka ragu. A 1982, ƙarƙashin shugabancin Richard Ravitch, hukumar ta fara tsarin kasafin manyan ayyuka na shekara biyar-biyar, wanda ake bi har yau. Duk da haka, a Yunin 2017 sai da gwamnan jihar, Andrew Cuomo, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan jirgin saboda yawan tsaiko. Kuɗin gyaran da aka ƙi kashewa bana ba ya yafuwa, sai dai ya dawo ninki bayan wasu shekaru.

Yadda doka ta buɗe ƙofa

Liftocin tashoshin New York ba kyauta aka ba masu naƙasa ba, gwagwarmaya ce ta shekaru. A 1979 ƙungiyar tsofaffin sojojin da suka shanye ta kai hukumar kotu, kuma a 1984 aka cimma matsayar gyara muhimman tashoshi 54. Ranar 26 ga Yuli, 1990, Shugaba George H. W. Bush ya sa hannu a dokar kare haƙƙin Amurkawa masu naƙasa, wadda ake kira ADA. Dokar ta wajabta cewa duk sabuwar tasha ta kasance kowa na iya shiga, a gyara muhimman tsofaffin tashoshi, kuma idan aka yi wa tsohuwar tasha babban gyara a sa sauƙin shiga a cikin aikin gwargwadon yadda zai yiwu. A 1994 aka ƙara yawan muhimman tashoshin zuwa 100, da wa'adin 2020.

Sharaɗin nan na babban gyara ya zama abin jayayya. Tsakanin 2013 da 2014 an sabunta tashar Middletown Road da ke Bronx, har da sauya matakalarta, ba tare da an sa lifta ba. A Maris ɗin 2019 kotun tarayya ta yanke cewa irin wannan gyara ya ɗora wa hukumar wajibcin sa lifta, sai fa idan ginin ne ya hana, kuma tsada kaɗai ba hujja ba ce.

A Yunin 2022, lokacin da tashoshin da mai keken guragu ke iya shiga ba su wuce kashi ɗaya bisa huɗu da 'yan kai ba, hukumar ta yi sulhu da ƙungiyoyin masu naƙasa da suka maka ta a kotu. Ta ɗauki alkawarin cewa kashi 95 cikin ɗari na tashoshin za su buɗu nan da 2055, daki-daki: 81 a zangon farko zuwa 2025, 85 zuwa 2035, 90 zuwa 2045, sai 90 na ƙarshe zuwa 2055. Wa'adi ne mai tsawo, domin yaron da aka haifa a shekarar sulhun zai haura shekara talatin kafin ya cika.

Abin da sauƙin shiga ya ƙunsa

Ana auna tasha ne da hanya ɗaya marar yankewa, daga bakin titi har cikin jirgi. Idan mataki ɗaya tak ya gitta a tsakani, hanyar ta yanke. Inda tazarar hawa ba ta da yawa akan yi gangare maimakon lifta, kuma ƙa'idarsa ita ce duk tashin mita ɗaya sai an ba shi tsawon mita 12, da wuraren hutawa a tsakani. A wurin biyan kuɗi, shingen ƙarfe mai juyawa ba ya ɗaukar keke, don haka ake sa ƙofa mai faɗi. An kafa sababbin ƙofofi masu buɗewa da kansu a tashar Sutphin Boulevard da ke Queens a ƙarshen 2023.

Matsala ta gaba tana bakin jirgi. Ƙa'idar sababbin tashoshi ita ce ratar da ke tsakanin dandamali da ƙofar jirgi kada ta wuce kimanin santimita 7.6, bambancin tsayi kuma kada ya wuce kimanin santimita 1.6, domin ƙaramar tayar gaban keken guragu na iya faɗawa cikin ratar ta maƙale. A tsofaffin tashoshi akan ɗaga wani yanki na dandamali kusa da inda taragon kwandasta ke tsayawa, a sa masa alama, don mai keke ya jira a nan kwandasta na ganinsa. Inda dandamali ya lanƙwasa, kamar a Union Square, akwai faifan ƙarfe da ke miƙowa ya cike ratar idan jirgi ya tsaya.

Makaho buƙatarsa daban ce. Shimfiɗar rawaya mai ƙuraje da ke bakin dandamali, mai faɗin kimanin santimita 60, ita ke gaya wa ƙafarsa da sandarsa cewa rami na gaba. Wani ɗan Japan, Seiichi Miyake, shi ya ƙirƙiro irin wannan shimfiɗa, aka fara sa ta a birnin Okayama a 1967. Yana kuma buƙatar rubutun makafi a jikin ginshiƙi da maɓallan lifta, da lasifikar da ake jin maganarta sarai. Kurma kuwa allo yake buƙata, wanda zai rubuta duk abin da lasifika ta faɗa, musamman ranar da jirgi ya sauya hanya.

Dalilin tsadar lifta

A kasafin 2020 zuwa 2024 an ware fiye da dala biliyan 5 don buɗe tashoshi kusan 70, wato gomman miliyoyi a kowace tasha. Ita kanta na'urar ba ita ke cinye kuɗin ba. Ƙarƙashin titin New York cike yake da bututun ruwa, da na gas, da na tururi, da magudanan bahaya, da wayoyin lantarki da na sadarwa, wasunsu ba sa inda tsohuwar taswira ta ce suke. Kafin a haƙa ramin lifta sai an kawar da su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an yanke wa unguwa ruwa ko wuta ba. A sama kuma sai an samu fili a gefen titi, a ƙasa sai dandamalin ya kasance da faɗin da zai ɗauki lifta ya bar wa mutane hanya. Sau da yawa akan matsar da matakala, a ƙarfafa ginshiƙai, a gina ɗakin inji, a ƙara ƙarfin lantarki.

Don rage wannan nauyi, majalisar birnin ta amince da wata ƙa'idar gine-gine a Oktoban 2021. Wanda zai yi sabon gini kusa da tasha sai ya tuntuɓi hukumar ko tana buƙatar ya bar mata gurbin lifta a cikin gininsa, a wasu yankuna kuma akan ba shi damar ƙara girman gini idan ya ɗauki nauyin gyaran tashar. Kuɗin shiga tsakiyar Manhattan da mota, wanda aka fara karɓa ranar 5 ga Janairu, 2025, dala 9 a kan ƙaramar mota lokacin cunkoso a kudancin titi na 60, shi ma an tsara shi ne don biyan manyan ayyukan hukumar, ciki har da liftoci.

Kula da lifta

Liftar tasha tana shan wahalar da ta ofis ba ta sha. Tana aiki sa'a 24, ƙofarta a buɗe ga ruwan sama da ƙanƙara da gishiri, tana shaƙar ƙurar ƙarfen da birkin jirgi ke fitarwa. Yawancin lalacewarta daga ƙofa take farawa. A ƙasan ƙofar akwai siririn kwari na ƙarfe da ƙyauren ke gudu a ciki. Murfin kwalba ɗaya ko dunƙulen cingam da yashi ya isa ya hana ƙyauren rufuwa ruf, kuma muddin bai rufu ba na'urar tsaro ba za ta bar lifta ta motsa ba. Wanda ya tokare ƙofa da ƙafa ko da akwati yakan goce ta daga saitinta. A ƙasan ramin kuma, idan injin zuƙe ruwa ya toshe, ruwa yakan taso ya taɓa maɓallan tsaro. Fitsarin da wasu ke yi a ciki yana cin ƙarfen ƙasan lifta da wayoyinta, ban da ƙasƙancin da yake jawo wa wanda ba shi da wata hanya sai ita.

Lissafi kaɗan zai nuna nauyin wannan. A ƙaddara kowace lifta tana aiki kashi 97 cikin ɗari na lokaci, adadin da ke da daɗin ji a rahoto. Mai keken guragu kuwa lifta huɗu yake buƙata a tafiya ɗaya, biyu a tashar tashi biyu a tashar sauka. Damar ya tarar da dukkansu suna aiki ba ta kai kashi 89 ba. Ma'ana, a kusan kowace tafiya tara sai ɗaya ta ci karo da matacciyar lifta. Idan a tashar sauka ce, sai ya koma cikin jirgi ya wuce zuwa wata tasha mai lifta, wadda ka iya yin nisa, ya nemi bas ya dawo. Ma'aikaci ya makara, marar lafiya ya rasa layin ganin likita.

Shi ya sa dokokin ADA ba su tsaya ga kafawa ba, sun wajabta a riƙa kula da kayan a kuma gyara su ba tare da ɓata lokaci ba. Kyakkyawan tsari shi ne makanikai su riƙa zagayawa bisa jadawali suna share kwarin ƙofa, suna duba mai da birki da igiyoyi, a yi aikin da zai tsayar da lifta a sa'o'in da fasinja suka fi ƙaranci, a ajiye kayan gyara a kusa, a sauya lifta gaba ɗaya idan ta tsufa kafin ta fara mutuwa kowane mako. Sanarwa ma gyara ce: hukumar na wallafa jerin liftocin da suka tsaya a shafinta na intanet da manhajar waya, domin mutum ya sani tun yana gida.

Abin da ke kan fasinja

Mai lafiyar ƙafa ya bar lifta ga wanda ba shi da zaɓi, ko aƙalla ya ba shi gaba. Kada a tokare ƙofa, kada a yar da shara a ciki ko a kan layi, kada a tsaya ko a ajiye kaya a kan shimfiɗar rawaya. Wanda ya ga lifta ta tsaya ya sanar da ma'aikacin tasha ko ya danna na'urar neman taimako da ke kan dandamali, maimakon ya ɗauka wani ya riga ya faɗa. Wanda zai taimaki makaho ko mai keke ya fara tambayarsa, kada ya kama hannunsa ko ya tura kekensa ba da izininsa ba.

Biranen da ke gina sababbin layuka

Jirgin birnin Washington, wanda ya fara aiki a 1976, yana da lifta a kowace tasha, domin tun lokacin gina su aka sa ta. Haka tashoshi uku na layin Second Avenue da New York ta buɗe ranar 1 ga Janairu, 2017. Abin da ke cin gomman miliyoyi a tsohuwar tasha, ƙaramin kaso ne na kuɗin gini idan aka sa shi tun a kan takarda.

Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye, inda layin Blue Line na Legas ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023, kuma dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Duk birnin da zai kafa lifta a tasha, wajibi ne kasafinsa ya ƙunshi wutar da ba ta yankewa, da horar da makanikai na gida, da ajiyar kayan gyara, da kuɗin kula na kowace shekara. Wajibi ne kuma a zauna da guragu da makafi da kurame tun lokacin zane, a sa su gwada hanyar daga titi zuwa cikin jirgi kafin a karɓi aiki daga hannun ɗan kwangila.